Ka ba ɗan'uwa shawarar kwamfuta, amma kada ka zama injiniyansa na har abada

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah Ya ƙara basira. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wani abu da na san yana ci wa mutane da yawa tuwo a ƙwarya amma kunya da kara sun hana su faɗa, wato halin da duk wanda ya ɗan san kwamfuta a cikin dangi yake shiga. Kusan kowane gida yanzu akwai irin wannan mutumin, ko ya karanci kwamfuta ko bai karanta ba, in dai an taɓa ganin ya taɓa laftof ta tashi to shikenan ya zama injiniyan zuri'a, kuma ni ma ina cikinsu, aikina a ofis da kwamfuta nake yi.

Buƙatar kam gaskiya ce, ba ƙarya. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma a 2024 ta fara yi wa masu zana jarabawa daga waje da kwamfuta, a 2025 kuma ministan ilimi ya fito ya ce so ake WAEC da NECO su koma haka baki ɗaya. Yaron da bai taɓa riƙe mawus ba sai ranar jarabawa ai an cuce shi, ko da ya haddace littafin. Shi ya sa baffa zai kira ka, goggo za ta aiko, suruki zai tare ka wajen ɗaurin aure, tambayar dai ɗaya ce, wace kwamfuta zan saya wa yara mai sauƙin kuɗi? Kai kuma ka faɗa da zuciya ɗaya, to daga ranar ka zama kamar mai dalilin aure, duk saɓanin da aka samu a gidan kai za a nema, firinta ta ƙi buga takarda kai ne, an manta faswod kai ne, yaro ya zuba shayi a kibod kai ne, ƙarfe goma sha ɗaya na dare a kira ka a ce "kwamfutar nan taka ta ƙi tashi", taka fa, alhali ko sisi ba ka ci a cinikin ba.

Na san wasu da suka yanke shawarar cewa daga yanzu duk wanda ya tambaye su sai su ce ba su sani ba. Ni dai ban goyi bayan wannan ba ko kaɗan. Ɗan'uwanka ya tara kuɗin da ya sha wahala kafin ya samu, ka bar shi ya shiga kasuwa shi kaɗai a sayar masa da tsohon tarkace da sunan sabon yayi, kana da halin hana hakan ka yi shiru, wannan ba zumunci ba ne. Hadisi ma ya zo cewa wanda aka nemi shawararsa abin amincewa ne. To amma amanar tana nan ne a wajen faɗin gaskiya lokacin da aka tambaye ka, ba ta nufin ka ɗauki nauyin na'urar har ta mutu. Kuma abin da na lura da shi shi ne yawancin kiran da za a yi ta yi maka daga baya tun ranar saye aka shuka shi, in an zaɓi abin da ya dace da gidan kuma an faɗi magana a fili tun farko, wallahi kiran raguwa yake sosai.

Bari in fara da na'urar. Akwai wasu ƙananan kwamfutocin tebur da mutanenmu ba su cika kula da su ba saboda ido ya saba da babban akwati ko laftof, girmansu bai wuce littafi mai kauri ba, har akan ɗaura su a bayan sikirin. Kamfanoni uku ne suka fi yin su don ofisoshi, Dell suna da OptiPlex Micro, HP suna da EliteDesk da ProDesk Mini, Lenovo kuma ThinkCentre Tiny. Bankuna da kamfanoni a Turai da Amurka kan yi amfani da su wasu 'yan shekaru sai su sauya sababbi su sayar da tsofaffin da yawa, su ne suke shigowa nan a matsayin na hannu, za ka gan su a Computer Village da ke Ikeja, da Banex a Abuja, a nan Kano ma in ka zagaya Beirut Road da Farm Centre ka tambaya za a nuna maka. Abin da ya sa nake son su, an ƙera su ne don a wuni ana aiki a kansu, ba su da marfin da zai karye ko batirin da zai kumbura, noti ɗaya ake kwancewa a baya a zare murfin a ga ram, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, da wajen ajiya, kuma in kibod ya lalace ko sikirin ya fashe shi kaɗai za a canza, ba sai an kai na'urar gaba ɗaya asibiti ba. A gidan da yara suke da yawa wannan ba ƙaramin abu ba ne, sannan tana zaune wuri ɗaya a falo inda iyaye ke ganin abin da ake kallo, ba mai ɗauka ya shige ɗaki da ita ko ya ara wa aboki.

Ga kuma maganar wuta. Cajarta galibi wat 65 ce, kuma in rubutu ko karatu kawai ake yi ko rabin hakan ba ta ja, ƙaramar sola da inbata sun ishe ta har da sikirin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kowane yunit, babu mai hankalin da zai so ya tayar da janareta saboda yaro zai yi gwajin jarabawa na awa ɗaya.

Amma fa a nan ne babban tarkon yake, kuma ina roƙon duk mai ba da shawara ya tsaya a nan ya yi tunani. Ƙaramar kwamfutar nan ba ta da batir. Ana ɗauke wuta take mutuwa nan take, abin da ake rubutawa ya tafi, in aka yi ta maimaita haka kuma wata rana Windows ɗin ne zai ƙi tashi gaba ɗaya, wa za a kira? Kai. Don haka tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya zo min ita ce, akwai sola ko inbata a gidan? In babu, kuma ba za a iya ƙara kuɗin UPS ba, wato akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, to ba na ma ambaton ƙaramar kwamfuta, sai in ce a nemi laftof na hannu irin na ofis, ThinkPad ko Latitude ko EliteBook, a gwada batirin a shagon a ga yana riƙe caji. Ɗalibar da za ta tafi jami'a ma laftof ce tata, ba za ta ɗauki sikirin zuwa hostal ba. Kuma in an zo lissafin arahar a haɗa da sikirin da kibod da mawus da siteblaiza, kar a faɗa wa mutum kuɗin akwatin kawai ya je kasuwa ya ga abin ya ninka ya dawo yana jin haushinka.

Sai maganar shekarun na'urar, wadda a nan ne aka fi cutar mutane a yanzu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da wani ɗan ƙarin wa'adi na shekara ɗaya ga wanda ya yi rajista, shi kuma Windows 11 a ƙa'ida ba ya hawa kan firosesar Intel, wato injin lissafin kwamfutar, da ta gaza zubi ko jenareshon na 8, kuma sai da wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0. Wannan ne ya sa tsofaffin na'urori suka cika kasuwa da araha, Turawa sun zubar da su. Mai shago zai ce maka "ai Core i5 ce" ko "Core i7 ce" kamar sunan kaɗai ya isa, alhali akwai i5 ta 2011 akwai ta shekarun baya-bayan nan. Lambar da ke bayan sunan ake dubawa, i5-6500T ta 6 ce, i5-8500T ta 8 ce, a irin waɗannan lambar farko ita ce jenareshon. OptiPlex 3060 da 7060, da EliteDesk 800 G4, da ThinkCentre M720q da M920q duk sun tsallake, amma 3040 da 7050 da G2 da G3 da M710q ba su kai ba. Wasu masu shago sukan yi dabara su cusa Windows 11 a kan tsohuwar na'ura ka gan shi yana aiki lafiya a shagon, sai bayan watanni wani babban sabuntawa ya ƙi sauka a fara neman wanda ya ba da shawara. Ram kar ya gaza giga 8, wajen ajiya kuma lallai ya zama SSD, wato irin na zamani mai sauri, ko da giga 256 ne, don tsohon hadis mai juyawa shi ne uban nauyin kwamfuta, rabin ƙorafin "ta yi sulo" daga nan yake. Araha ba ta ado, ƙarin da za a yi a wajen nan shi ne kwanciyar hankalin mai saye da naka.

Akwai ƙananan abubuwa ma da sai a gida ake ganowa in ba a duba ba. Da yawa daga cikin na ofis ɗin nan ba su zo da wayfai ba don da waya ake jona su a can, mu kuma a nan hotspot na wayar hannu ne intanet ɗinmu, to a tabbatar akwai ko a saya ɗan abin da ake sokawa a USB tun a shagon. Wasu kuma ba su da ramin HDMI sai DisplayPort, in da talabijin ɗin falo za a haɗa sai an sayi mahaɗi. A shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, a ga ba a kulle shi da faswod ba, a jona intanet a gaban mai shagon a ga ba ta neman sunan wani kamfanin waje kafin ta buɗe, don akwai waɗanda har yanzu suna ɗaure da tsohon ofishinsu. A karɓi rasit mai lambar na'urar da kwanakin garanti a rubuce, ba da baki ba.

To yanzu ga abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci, kuma masu ilimin kwamfuta ne suka fi faɗawa ciki saboda son abin da su suke so. Kada ka zaɓa wa ɗan'uwanka abin da kai kaɗai ka iya. Linux Mint, da ake sawa a madadin Windows, abu ne mai kyau, kyauta ne, yana raya tsohuwar na'ura, bairos ɗin fulash ba ya kama shi, amma ranar da goggo ta kai kwamfutar shagon bakin titi yaron shagon zai kalle ta ya ce Hajiya wanda ya sa miki wannan shi za ki mayar wa. Raspberry Pi 400 da ta fito a 2020 a kan dala 70, kwamfuta ce sukutum a cikin kibod, ta yi wa yaron da ke son koyon haɗa manhaja, ba ta yi wa gidan da ake son Word da Excel da manhajar gwajin JAMB ba. Mac mini mai M4 da ta fito a ƙarshen 2024 a kan dala 599 a Amurka na'ura ce ta gaske, ba ta da hayaniya ba ta cin wuta, amma ka juya kuɗin zuwa naira ka gani, sannan ram ɗinta ba ya ƙaruwa, masu gyaranta kuma ba a kowace unguwa suke ba. Sababbin ƙanana 'yan Chana irin su Beelink masu firosesar N100 suna da kyau a farashinsu, matsalar in ta samu lahani ina za ka mayar? Chromebook, laftof mai tsarin Google, ita ce ta fi kowa rashin rigima, da kanta take sabunta kanta, Google ma ya ce waɗanda suka fito daga 2021 za su samu sabuntawa na shekara 10, ta dace da dattijon da labarai da tafsiri a YouTube da imel kawai yake so, amma tana son intanet, kuma tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025 data ta zama abin lissafi, ga shi CorelDraw da SPSS ba sa hawa kanta, ɗan firojet zai dawo maka da ita a sati. Ma'aunin da nake bi ɗaya ne, in ta lalace ina Legas ko ina kwance asibiti, akwai wanda zai iya gyara ta a unguwarsu? In amsar a'a ce to na ɗaure kaina kuma na ɗaure su.

Ranar da aka kawo ta gida nakan ba da yammaci guda in zauna in saita komai, wannan kam haƙƙin zumunci ne kuma da daɗin rai nake yi. Yara a buɗe musu asusun da ba zai iya sauke manhaja ba, babban faswod kuma a rubuta a takarda a ba mutum ɗaya mai hankali a gidan, kar ka riƙe shi a wajenka, in ka riƙe duk gem ɗin da za a sa sai an kira ka. Defender, maganin bairos da ya zo da Windows, ya isa, a bar tarkacen antibairos na sata da ake cikawa a shago, su ne suke kawo cutar da suke cewa suna magani. A nuna musu yadda ake ajiye muhimman takardu a Google Drive, giga 15 kyauta ne, don ranar da aka yi fomatin kar a zo ana kukan firojet. A ja musu kunne kan fulash ɗin da ya zaga bizines santa, a ce a riƙa lulluɓe ta da ƙyalle lokacin hunturu saboda ƙura, a kuma bar mata iska a watan Afrilu kar a cusa ta cikin durowa.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa da girman Allah, kada ka buɗe wa ɗan'uwa imel da lambar wayarka, kuma kada ka yarda ka san faswod ɗinsa na banki ko na imel, ka juya kai ya shigar da kansa. Na farko duk lambar sirri da za a turo kai za ta riƙa zuwa wa har shekaru. Na biyu kuma wanda ya fi tsanani, ranar da 'yan damfara suka kwashe masa kuɗi a asusu, ko bai furta ba zuciyarsa za ta ce wa ya san faswod ɗina? Na ga gidan da irin wannan zargin ya raba 'yan uwa ciki ɗaya, ba a gaisawa har yau, kuma wanda aka zarga taimako kawai ya yi. Haka hotuna da saƙonnin mutane, in kana gyara kana ganin abin da bai kamata ka gani ba, matar yayanka ce, surukarka ce, kunya ce a tsakaninku, gara wanda ba ruwansa da gidan ya taɓa.

Daga nan sai maganar da take da nauyi a baki, amma dole a faɗe ta tun kafin a biya kuɗi, ba bayan rai ya ɓaci ba. Ni ga yadda nake cewa: Baffa, zan raka ka mu zaɓo mai kyau, zan saita ta, amma gyara ba sana'ata ba ce, ga lambar yaron da na yarda da aikinsa, in wani abu ya taso shi za a kira kuma a biya shi haƙƙinsa. Ban taɓa ganin dattijon da ya yi fushi da wannan maganar ba in an faɗe ta da ladabi a kan lokaci, abin da ke kawo fushi shi ne ka yi ta amsa "to, ina nan zuwa" kana ƙin ɗaga waya, kwamfuta ta yi wata uku a ajiye, yaro ya rasa gwajin jarabawa, kai kana jin an takura maka su suna jin ka wulaƙanta su. Sannan mu tuna akwai matasa a kasuwannin nan da suka koyi gyara, da shi suke ciyar da iyayensu, duk aikin da muka yi kyauta a gajiye bayan mun taso daga ofis, ba ma da kayan aikin kirki, abincinsu ne muka hana su. Ka haɗa danginka da mai gyara guda mai amana, ka je shagonsa da kanka ka gabatar da su, zai riƙe su da mutunci don ya san ta hannunka suka zo.

Kuma a kowane gida akwai yaro ko yarinya da hannunsu ke ƙaiƙayi a kan na'ura, a zaunar da su ranar saitin su ga komai, a koya musu kashewa da kunnawa kafin a kira kowa, duba waya ko ta zare, sa firinta, rubuta matsalar a Google. Na fi son a zaɓi 'yan mata ma, don sau da yawa su ne a gida kuma su ake hanawa taɓawa a ce za su lalata. In abu ya gagare su akwai Quick Assist a cikin Windows, daga inda kake za ka ga sikirin ɗinsu ka nuna musu cikin minti kaɗan ba sai ka ƙona mai ka ratsa gari ba, amma a gargaɗe su kar su taɓa shigar da lambar da wani baƙo ya ba su, 'yan damfara ma da irin wannan hanyar suke shiga. Iyaye da kakanni kam ban sa su a wannan lissafin ba, mahaifiyarka ko sau nawa ta kira ka tashi ka je.

Ku kuma 'yan uwa masu neman shawara, don Allah in za ku kira ku faɗi abin da ya faru, ku ɗauki hoton rubutun da ya fito a sikirin ku turo ta WhatsApp, kar a ce "kawai ta daina yi". In an ce ku sayi mai jenareshon na 8 kuka je mai shago ya zuga ku kuka sayo wata don ta fi araha, to ku koma wajen mai shagon.

Malam Edita, ina kuma roƙon jaridarku ta tura wakili kasuwannin kwamfuta na Kano da Kaduna da Abuja ya riƙa kawo mana farashin irin waɗannan na'urori lokaci zuwa lokaci kamar yadda ake kawo na hatsi, da lambar firosesa da girman ram a rubuce, iyaye su yanke shafin su tafi da shi kasuwa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Kano